Ƙodar da Matar Yayana Ta Bayar

Ba na son kunyar ɗan fari. Na faɗi haka tun ina da ƙuruciya, aka ce lakwal ce, wato makarantar boko, ta lalata ni. Yau ga ni da furfura ina ƙara faɗa, sai a nemo wani abin da za a ɗora wa laifin. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, ta haihu, sannan a ce ba za ta kira sunan abin da ta haifa ba, ba za ta dube shi a gaban mutane ba, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. A wajenmu wannan ake kira tarbiyya. Matar yayana kuwa ta fi kowa iya ta, kuma a kanta na ga inda abin yake kai mutum.

Yayana ɗan kasuwa ne a Maraɗi, lokacin da gyaɗa take gyaɗa. Manyan motocinsa na zuwa Katsina da Kano, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da buhuna da masu ɗinkinsu. Shekarun nan ne na bayan samun mulkin kai, kafin soja su karɓa. Matarsa 'yar Jiratawa ce, doguwa, mai sanyin magana, in tana tafiya ba ka jin takunta. 'Yarsu ta fari kuwa, ranar da aka yaye ta mahaifiyarmu ta zo daga Tsibiri ta goye ta ta tafi da ita, kamar yadda aka saba. Daga ranar ta zama ɗiyar Hajiya, wato mahaifiyar tamu. Uwarta in dole ta sa ta yi zancenta sai ta ce "waccan", ko "ta wajen Hajiya". Ni ce gwaggon yarinyar. Ina koyarwa a lakwal ɗin 'yan mata, ban yi aure ba tukuna, ina zaune a gidan yayana, kuma ni kaɗai ce a zuri'armu nake jin Faransanci. Shi ya sa duk takardar da ta shigo gidan a kaina take sauka.

Tana da shekara bakwai ciwon ya fara. Da safe fuska ta kumbura har ido ya shige, da yamma ƙafafu su yi nauyi, fitsarinta ya riƙa kumfa kamar an kaɗa sabulu. An sha rubutu, an yi turare, an sha saiwoyi, har wanzami an kira. Shekara guda cur ana wannan kafin aka yarda aka kai ta asibitin Maraɗi, su kuma suka tura mu Yamai. A can wani lokotoro, wato likita, Bature ya ce ƙodojinta duka biyu sun gaji, ba abin da za a iya yi mata a ƙasarmu. Ya ce a Faransa an fara wani aiki, a ciro ƙoda guda daga jikin mai lafiya a dasa wa marar lafiya, amma ga yara ba a daɗe da farawa ba, kuma ba kullum ake dacewa ba. Yayana bai yi dogon tunani ba. Ya sayar da mota biyu, aka bi ofisoshi wata da watanni, muka samu takardu.

Mu huɗu muka tafi: yayana, matarsa, yarinyar, da ni mai fassara. Hajiya ta ce ita ba ta shiga abin da ke tashi sama, ko na Makka ma da ƙyar ta shiga.

Ba zan ba da labarin Faransa ba, don ban ga komai nata ba sai asibiti da sanyi da dankali. Sun sa yarinyar a wani inji mai wanke jini, ta ɗan farfaɗo, sannan suka auna jininmu mu uku. Na yayana bai dace ba, nawa ma bai dace ba. Na uwar ya dace.

A nan rigima ta farko ta taso. Babban lokotoron, wani dattijo mai tabarau, ya kira mu ofishinsa da takardar da za a sa hannu. Ya ce in tambayi uwar sunan 'yarta da shekarunta. Na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke ki hwaɗa mishi mana." Ya ce in tambaye ta ko ta yarda a ciri ƙodarta. Ta ce, "In sun ce ta yi, su ɗauka." Duk wannan tana kallon takalminta. Sai mutumin ya ajiye alƙalami, ya roƙi yayana ya fita, ya rufe ƙofa. Ya ce mini mako biyu ke nan yana lura da matar nan. Ba ta taɓa zama a bakin gadon yarinyar ba, ba ta taɓa shafa kanta ba, kullum tana can bakin ƙofa ta juya rabin baya. Ya ce shi ba ya yanka macen da aka tilasta wa, in mijinta ne ya sa ta dole gara a faɗa masa yanzu.

Raina ya ɓaci da su duka biyu. Na yi masa bayani har Faransancina ya ƙare. Na ce a wajenmu uwa ba ta nuna son ɗan fari, ya ce don me. Na ce haka muka tarar, ya ce yarinyar laifin me ta yi. Ni da ban yarda da al'adar ba, ga ni a ƙasar mutane ina kare ta da gumi. Da na ga ba ci gaba sai na juya wajenta na ce, "Ke, wallahi in ba ki buɗe baki ba mutumin ga ba ya yin aikin. Sai mu koma da ita yadda munka zo, ki je ki yi ta kunyarki." Can ta ɗaga kai ta dubi Baturen ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wani namiji ba, ta dafa kwiɓinta ta ce, "Ki ce mishi ni nas so. Ba wanda yas sa ni." Ya ba ta takarda ta dangwala yatsa. Muna fitowa ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa Hajiya ta yi magana.

Aikin ya yi kyau. Tun ranar fitsari ya zo, ma'aikatan jinya suna ɗaga kwalbar da yake taruwa a ciki suna nuna mana. Ban taɓa zaton zan yi guɗa a kan fitsari ba, amma na yi, har wata ta leƙo ta ce in rage murya. Cikin mako uku yarinyar da muka kawo a kafaɗa tana gudu a barandar asibiti, tana neman tuwo a inda ba tuwo. Ita kuma uwar an bar mata tabo dogo a kwiɓi, tana tafiya a karkace, ba ta taɓa cewa wash ba.

Da za a sallame mu dattijon ya zaunar da ita, ya ce in fassara a hankali, kada in tsallake komai. Ya ce jiki yana ɗaukar sabuwar ƙoda baƙuwa ce, kuma muddin rai ba zai daina ƙoƙarin korarta ba. Ƙwayoyin nan iri biyu, fara da ɗorawa, su ne ke kwantar da shi. Safe da yamma, kowace rana, ko yarinya tana tsalle don lafiya. Ya ce maganin yana da nasa ɓarna: fuska za ta yi faɗi, kumatu su cika, gashi ya fito inda bai kamata ba, tsawo ya ja baya, mura da ƙyanda su fi yi mata tsanani. Amma cikar fuskar ba ciwo ba ce, ita ce shaidar ana shan magani. In kuwa aka ga zazzaɓi, ko ciwo a wurin ɗinkin, ko fitsari ya ragu, a bar duk abin da ake yi a nufi asibiti. Ya ce ta maimaita. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta maimaita masa duka, ba ta zubar da ko kalma ba. Ya yi murmushi ya ce da uwa irin wannan hankalinsa a kwance yake.

Shi a tunaninsa yarinya a ɗakin uwarta take kwana. Ni na san ba haka ba ne, kuma ban gaya masa ba. Na ce a raina bayan duk wannan wahala wa zai ce zai ɗauke ta? Wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

Mun dawo Maraɗi gida ya cika da 'yan barka, kowa na son ganin yarinyar da aka sa wa ƙodar wani. Na tsaya a ƙofa ina korar masu tari da masu goyon yara masu ƙuraje, aka ce na je Faransa na dawo da girman kai. Ban damu ba. Rana ta bakwai na dawo daga lakwal na tarar Hajiya ta ɗaure kayan yarinyar a zane.

Na ce, "Hajiya, ina za a?"

Ta ce, "Gida mana. Ɗiyata ta kwana biyu ba ta ga ɗakinta ba."

Na ce ba zai yiwu ba, yarinya tana bukatar wanda ya ji bayanin lokotoro da kunnensa, kuma nan ya fi kusa da asibiti. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni da nar raini bakwai, har da ke, za ki koya ma ba yaro magani?" Na je wajen yayana a zaure. Mutumin da ya sayar da motocinsa ya haye teku saboda yarinyar nan ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Ki bari. Hajiya ta hwa." Na koma cikin gida na sami uwar a gindin turmi tana tsince shinkafa. Na ce, "Ke ba ki cewa komi?" Ba ta ɗago ba ta ce, "Mi zan ce? Ɗiyatta ta." Saura kaɗan in shure tiren shinkafar nan. Na yi wa Hajiya bayanin ƙwayoyin sau uku, ta ce ta ji, suka shiga mota suka tafi Tsibiri.

Daga nan muka shiga wani irin zama da har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini. Lokacin ba a lakwal ran Alhamis, saboda haka kowace Alhamis nake zuwa Tsibiri. Uwar ta yaga ƙyalle biyu, fari na safe, shuɗi na yamma, kowanne ta ƙulla ƙulli bakwai, a kowane ƙulli ƙwayoyin rana guda. Sai ta miƙo mini ta ce, "Ga saƙon Tsibiri." Saƙon wa? Ba a faɗa. In na dawo kuma ba za ta tambaye ni ba. Sai dai ta ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar ƙofar ɗakina, wurin da ta share da safe, har sai na gaji na ɗaga murya kamar da bango nake magana na ce, "Mutanen Tsibiri lahiya lau, ana ci, ana hitsari sosai." Sannan ta jingine tsintsiyar ta koma ɗakinta. Mata biyu manya, a gida ɗaya, kan yarinya ɗaya, muna wannan wasan yara.

Fuskar kuwa ta cika kamar yadda aka faɗa. Kumatu suka yi suntum, wuya ya shige, wani gashi mai laushi ya fito mata a gefen fuska. Ga ci, ba ta ƙoshi. Yaran unguwa suka sa mata suna, ta daina fita, in na je sai ta ɓoye fuska a cinyata ta ce, "Gwaggo, yaushe za ni koma yadda nike?" Matan Tsibiri kuma ba sa ganin abu su yi shiru. Wannan ta leƙo ta ce, "Hajiya, ciwon ya dawo na?" Waccan ta ce, "Ashe Faransar ke nan." Wata Alhamis Hajiya ta tare ni tun a zaure ta ce, "Wane irin magani na wanga, mai kumbura mutum? Kumburi munka kai, kumburi anka maido muna." Na zauna na sake bayani daga farko, cewa wancan kumburin na ciwo ne, wannan na magani ne, kuma in an daina jiki zai kori ƙodar. Ta ce, "To." Ni da na tashi a hannun matar nan ya kamata in san irin wannan "to" ɗin nata.

Wajen kaka, ana cikin yankan gero, fuskar ta fara saɓewa. Kowace Alhamis in na je Hajiya za ta kwance ƙulli a gabana ta ba yarinyar da fura, ta miƙo mini ƙyallayen makon jiya wayam. Kumatu suka sauka, wuya ya fito, yarinya ta koma kyakkyawa kamar uwarta, har ta soma fita wasan gaɗa. Na yi murna. Ni da bakina aka faɗi cewa cikar fuska ita ce shaida, ni na yi murna. Na ce wataƙila jikin ne ya saba da maganin. Har na dawo na gaya wa bango cewa mutanen Tsibiri sun yi kyau, mai shara ta jingine tsintsiyarta, don ba ta gani da idonta ba.

Ta gani ranar wani suna a Jiratawa, ƙanwarta ce ta haihu. Ran Asabar ne, dukanmu mun je, Hajiya ma ta zo da yarinyar an yi mata kitso da lalle. Gida ya ɗauka da tubarkalla, kowa na cewa ta warke sarai. Ina kallon uwar lokacin da suka shigo. Tana rabon fura, ludayi ya tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Yini guda tana kai da kawowa a gaban surukarta, ta kawo mata ruwa, ta kawo mata goro, ba ta ce uffan ba. Muka dawo Maraɗi. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ran Talata bayan la'asar ina duba littattafan 'yan ajina sai ga ta a bakin ƙofa, ba tsintsiya.

Ta ce, "Na ga mutanen Tsibiri sun yi kyau."

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Ta ce, "Huska ta saɓe."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Lokotoro dai cewa yay yi..." Ba ta ƙarasa ba.

Alƙalami ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Tun yaushe kinka gane?" Ta ce tun da suka shigo gidan suna. Na miƙe tsaye ina ihu, "Kwana ukku! Kwana ukku kina riƙe da wagga magana?" Ta ce, "Gaban Hajiya in ce mi? Gaban dangina duka?" Na ce, "To da munka dawo gida hwa? Nan ma Hajiya na nan?" Sai ta ce, a hankali, "Na yi ta jira ke ki gani."

Na sa aka kira direban yayana muka kama hanyar Tsibiri. Ta biyo ni ba tare da na ce ta zo ba, amma da muka isa sai ta zauna a mota, wai ni in shiga. Na tarar da yarinyar kwance a tabarma, jiki kamar garwashi. Hajiya ta ce zazzaɓin kaka ne, tun shekaranjiya, ta ba ta jiƙo. Na danna ƙasan cikinta wajen ɗinkin, ta ƙwalla ƙara. Na tambayi fitsari, Hajiya ta ce tun jiya sau ɗaya, kaɗan, ja kamar shayi. Na ce, "Hajiya, ina maganin?"

Ba ta ji kunya ba, ba ta ma ga abin jin kunyar ba. Ta shiga ɗaki ta taka kujera, ta sauko da kwalla guda daga can saman jerenta, irin wadda ba a taɓawa sai da dalili, ta buɗe a gabana. Ga su nan, farare gefe guda, ɗorawa gefe guda, kowanne a ƙulle cikin leda mai tsabta. Na fiye da wata biyu. Ta ce, "Ko guda ban ɓatar ba. Maganin da anka haye teku anka ɗauko, a yi ta ɗura ma mai lahiya shi? In ciwo ya taso mu ba ta mi? Aje mata niy yi. Yau ma nike cewa in zazzaɓin bai sauka ba in hwara ba ta." Na Alhamis kaɗai take bayarwa, don kada in dame ta da surutu. Tana faɗa tana kallona, tana jiran in yaba mata tattali.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai ranar. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba, har yau ina neman gafarar Allah a kansa. Ina cikin faɗan ne na ji an wuce ta gefena. Matar yayana ce, ta shigo ba sallama, ba ta durƙusa ba, ba ta gaida kowa ba. Ta wuce Hajiya, ta sunkuya ta ɗaga yarinya 'yar shekara tara ta aza a baya, ta kwance mayafinta ta ɗaure ta, ta ɗauki kwallar ta fita. Maƙwabta sun taru suna leƙe ta kan danga. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ɗiyar hwari?" Ita ma na ba ta rabonta kafin in shiga mota.

A asibitin Maraɗi suka ce ba su da abin yi, mu wuce Yamai. Washegari muka yini a hanya, yarinyar na kwance a cinyar uwarta, kwallar na tsakanin ƙafafuna tana ƙara duk ramin da muka faɗa. A Yamai suka yi ta yi mata manyan allurai na irin maganin nan da ke cikin kwalla. Zazzaɓi ya sauka, fitsari ya ɗan dawo, fuska ta sake cika, na ga kumatun nan na ji kamar in sumbace su. Na fara cewa mun tsira.

Bayan kwana goma lokotoron ya kira mu, ni da yayana da ita. Ya ce an tsayar da korar, amma an makara. Yawancin ƙodar ta mutu, ɗan abin da ya rage zai ja wasu watanni, ba zai kai shekara ba. Yayana ya ce a koma Faransa, ko gidansa ne zai sayar. Lokotoron ya ce ya riga ya buga musu waya. Sun ce sai dai a jira ƙodar mamaci, masu jira kuma suna da yawa, kuma jikin da ya kori ɗaya ya fi saurin korar ta biyu. Injin wankin jini kuwa babu shi a ƙasarmu. Yayana ya rufe fuska da babbar rigarsa. Ita tana zaune can bakin ƙofa yadda ta saba, ta juya rabin baya. Sai na ji an ja bakin zanena.

Ta ce, "Ki tambaye shi."

Na ce, "In tambaye shi mi?"

Ta dafa ɗaya kwiɓin, wanda ba tabo, ta ce, "Ai akwai guda."

Na ce, "Ke kin haukace? In anka ɗauke ta mutuwa za ki yi." Ta ce, "Ke dai ki tambaye shi. Aikinki ke nan." Sau ɗaya na taɓa ɓoye wa lokotoro magana, na ga abin da ya haifar, saboda haka na fassara masa kalma da kalma. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya girgiza kai. Wannan bai bukaci fassara ba.

Mun dawo da ita Maraɗi, ɗakin uwarta, kuma wannan karon ba wanda ya zo ɗaure kaya. Wata bakwai ta yi. Ba a taɓa tsallake ƙwaya guda ba, safe da yamma, har safiyar ranar da ta rasu. Hajiya ta tare a gidan, ta rame, ta daina cin goro, kullum tana zaune a ƙofar ɗakin ba ta shiga sai an ce ta shigo. Na so in ci gaba da fushi da ita, amma tsohuwa ce da ta yi tattalin abin da take ganin ya fi komai daraja saboda jikar da ta fi so. To da wa zan yi fushin? Na rasa, shi ya sa har yau yake nan.

Ranar zaman makoki mata suka cika gidan, daga Tsibiri, daga Jiratawa, daga cikin gari. Kowace ta shigo sai ta wuce kai tsaye wajen tabarmar Hajiya ta durƙusa. "Hajiya, ya haƙuri? Allah shi jiƙan ɗiyakki." Ita kuwa uwar tana tsakar gida tana zuba wa baƙi ruwa a kwanoni, ido a bushe, a karkace kaɗan kamar kullum. Na ji wata tana yaba ta, wai ga mace mai kunya, ko hawaye babu. Na tashi na bar musu gidan don kada in sake yin abin da zan nemi gafara a kai.

Matar yayana ta yi shekara talatin da wani abu bayan haka da ƙodarta guda, ta haifi wasu biyar, ta kira kowannensu da sunansa har da na tsokana. Mun tsufa tare. In sanyi ya shigo tabon yakan dame ta, sai in ga ta tsaya da aiki ta dafa kwiɓi. In na ce lafiya, sai ta ce, "Ba komi. Wurin waccan na ka ciwo." Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan a bakinta ba.